Kyamarar da ba ta ɗaukar hoto a sace

Har yanzu ana ƙera wata irin kyamara wadda fim ɗinta falle-falle yake zuwa, kowane falle inci 4 a faɗi da inci 5 a tsawo, wani ma har inci 8 da inci 10. Allo biyu ne jikinta: na gaba yana riƙe da idon kyamarar, na baya yana riƙe da gilashi mai dusu-dusu, a tsakaninsu kuma akwai baƙar fata mai miƙewa da naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Ana ɗora ta bisa ƙafafu uku, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, sai ya ga abin da ke gabansa ya bayyana a jikin gilashin a kife, sama ta koma ƙasa. Da irinta nake aiki a nan Jidda, kuma dattawanmu Hausawan Hijaz da yawa in sun gan ta sai su ce da mai kama da ita aka ɗauke su hoton fasfo suna samari.

A ƙasar nan ba baƙuwa ba ce. Muhammad Sadik Bey, hafsan sojan Masar, ya ɗauki hoton Madina a 1861, sannan na Makka a 1880, a kan faranti na gilashi da ake shafa wa magani nan take, a ɗauka, a wanke tun bai bushe ba. A shekarun 1880 kuma wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauki Harami da alhazai da mutanen gari. Duk wanda ya san zafin Hijaz zai gane irin jimirin da wannan aiki ya ci.

Abin da ya fara jan hankalina gare ta gidajen Balad ne, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidaje ne dogaye na dutsen murjani, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, lunguna kuma matsattsu. Idan ka tsaya gaban gidan Nasif, ɗaya daga cikinsu, ka ɗaga waya sama domin ginin ya shiga duka, za ka ga bangon ya tsuke daga sama kamar zai faɗi ta baya. Ita wannan kyamara ba a karkata ta. Allon baya yana nan a miƙe daidai da bango, sai a zame allon gaba zuwa sama kaɗan, ginin ya shigo tun daga tushe har kai, layukansa a tsaye yadda magina suka bar su. A fili kuwa, kamar gaban Dutsen Giwa a Al-Ula, ana ɗan sunkuyar da idon zuwa gaba, sai yashin da ke gindin ƙafarka da dutsen da ke can nesa su fito raɗau tare. Wannan dabara sunan Theodor Scheimpflug take ɗauke da shi, hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904. Falle ɗaya kuma ya ninka fim ɗin milimita 35 na ƙananan kyamarori fiye da sau 10, shi ya sa ake iya ƙirga ramukan sassaƙar taga a hoton da aka faɗaɗa.

Amma inda ta fi shiga raina shi ne hoton mutum. A nan ɗaukar hoton wani ba da izininsa ba abin kunya ne, laifi ne kuma, ita kuwa wannan kyamara ko ka so ba za ka iya satar hoto da ita ba, domin kafin ka kafa ta kowa a layin ya gan ka. Dole ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi dalili, ka jira a amince. Wani dattijon tela, wanda iyayensa suka zo aikin Hajji da ƙafa ta Sudan suka zauna, da na roƙe shi sai ya ce, "Ɗana, dakata in canja hula." Na ce, "To, Baba, ba gaggawa." Ya shiga ya fito da hular da yake zuwa Juma'a da ita, ya zauna kusa da kekensa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Akwai wani abu da wanda bai taɓa riƙe ta ba ba zai lura da shi ba. Da zarar ka daidaita hoton ka rufe idon, ka zura gidan fim a baya, gilashin ya toshe, ba ka ƙara ganin komai ta ciki. Sai ka fito daga ƙyalle ka tsaya a gefe, igiyar dannawa a hannunka, kana duban mutumin ido da ido. Shi ma kai yake kallo. Idan ya matsa ko da faɗin yatsa biyu ne, idanunsa sun fita daga saiti, don haka ku biyun kuna cikin aikin, shi da natsuwarsa, kai da haƙurinka, har fuskar ta saki. Ina ganin dattawan da suka sha wuyar baƙunci suka raini zuriya a ƙasar nan sun cancanci a ɗauke su ta wannan hanya.

Wahalarta ba kaɗan ba ce. Gidan fim falle biyu kawai yake ci, kuma a cikin duhu ake loda shi, ana laluben 'yan tsage-tsagen da ke kusurwa domin a san fuska da baya. Ƙura ɗaya in ta zauna a fim, tabo ne a hoto. Iska tana kaɗa fatar, fim kuma daga waje ake odarsa da tsada. Maganin wanki yana son ruwa mai digiri 20, ruwan famfon Jidda da rani kuwa ya wuce haka nesa, sai na sa ƙanƙara na sanyaya shi ina aunawa. Idan dodon hoton ya bushe nakan buga kwafi biyu, ɗaya in ajiye tare da rubuta sunan garin da iyayen mutumin suka taso, ɗayan in sa a firam in kai wa iyalinsa.