Kafin ka miƙa tsohon inji, nemi ka ga ma'aunin bakanike

A Kano yanzu idan inji ya buga, ba kasafai ake zancen gyara shi ba. Mai mota zai ɗauki bakanikensa su nufi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a zaɓi injin Balgiyam, a ɗora, kafin jibi mota ta hau titi. Ga mai Corolla ko Golf da yake neman abinci da ita, wannan ne ya fi sauƙi, sau da yawa ma shi ya fi araha. Sai dai abin ya yi wa sana'ar illa ta wani gefen. Yara da yawa sun yi shekaru a gareji, an yaye su, sun buɗe nasu, ba su taɓa wargaza inji har ƙasa sun mayar da shi bisa awo ba. Saukewa da ɗorawa suka iya. Obahol na gaske, irin wanda aka saba yi zamanin da Fijo 504 ta cika gari bayan kamfanin haɗa ta na Kaduna ya fara aiki a 1975, ya koma hannun 'yan dattawa da masu gyaran manyan motoci.

Aikina kula da motocin wata masana'anta ne a Bompai, daga bas ɗin ma'aikata har motocin kaya. A kan haka maigidanmu ya ɗora mini nemo wanda zai sake gina injin wata Marsandi 280 SL ƙirar 1969, mai kujera biyu, wadda ya gada daga mahaifinsa. Ta fara shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai, kuma da zarar inji ya yi zafi sai allurar matsin mai ta faɗo. Ita wannan ba a zuwa kasuwa a sayo mata wani. Guda 23,885 kawai aka ƙera tsakanin 1967 da 1971, fiye da rabinsu kuma Amurka aka kai. Lambar injinta da 130.983 take farawa. Na babbar 280 SE na wancan zamani da 130.980 yake farawa. A ido kamarsu ɗaya, amma wancan doki 160 ne, wannan 170. Masu sayen irin waɗannan motoci lambar inji suke fara dubawa, don haka ko an samu wani an ɗora, darajar motar ta ragu.

Tacewar farko ba ta da wahala, kanikawan da kansu suke yi maka ita. Akwai wanda yana tsaye a bakin bonet, bai kwance ko noti ɗaya ba, zai yanka maka farashi har da ranar karɓa. Akwai wanda zai ce a cire injekta a sa kafireta kowa ya huta. Wani ya ba ni shawarar injin Toyota, da zuciya ɗaya kuwa, don a ganinsa taimakona yake yi. Wani kuma tun kafin a je ko'ina ya ce tamostat ɗin nan na ƙasar sanyi ne, za a jefar. Duk cikinsu babu mugu, kuma wasunsu har gobe ina kai musu motocin kamfani. Amma wannan aikin ba nasu ba ne.

Dattijon da muka tsaya a kansa bai burge ni da komai ba a ganin farko. Garejin ƙarami ne, babu allo, babu fenti. Da na nemi farashi sai ya ce, “Ɗana, in na faɗa maka kuɗi yanzu ƙarya na yi maka. Bari mu ji abin da injin zai faɗa.” Ya cire filogi shida, ya auna matsin kowace silinda, ya sa yaronsa ya rubuta. Ya ɗiga baƙin mai a waɗanda suka yi ƙasa ya sake aunawa. Da lambar ta tashi ya ce ringi ne, da bawul ne da ba ta motsa ba. Sannan ya ɗaura nasa agogon matsin mai, don bai yarda da na jikin mota mai shekara hamsin da ɗoriya ba. Na ce, “Baba, kana da maikiromita?” Bai amsa ba, ya shiga ɗaki ya fito da akwatin katako, da waɗannan ma'aunan kaurin ƙarfe guda uku a ciki, da ƙarfen da ake daidaita su da shi.

A nan ne gaba ɗaya maganar take. Tsakanin karanshaf, wato babban sandan da fistin suke juyawa, da metal, wato mazaunin da yake juyawa a kai, akwai 'yar tazara da baƙin mai yake cikewa, wajen 0.05 na milimita, ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ta yi yawa, mai ya zurare, matsi ya faɗi. In ta yi kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya kama. Babu yatsan da zai ji wannan, babu idon da zai gan shi, komai daɗewar mutum a sana'a. Duk wanda ya ce maka da hannu yake ganewa, abin da yake nufi shi ne ya saba da injunan da ake yi wa ringi da metal a ci shekara ɗaya a sayar.

Kuma awo ne yake hana ɓarna. Karanshaf hawa-hawa ake wanke shi, wato a rage kaurinsa da inji, 010, 020, 030, kowane hawa kwatan milimita, ƙarfen da aka cire kuwa ya tafi kenan. Al'adar garejinmu ita ce da an buɗe inji a tura shi wurin tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, a rage, ko yana buƙata ko ba ya buƙata. Namu da aka auna, gogewa kawai ya nema. Da an bi al'ada da an ci hawa guda a banza, a jikin abin da samun wani sai an haɗa da Jamus.

Bulok ɗin ya fi wannan tsauri. Faɗin silindarsa milimita 86.5 ne, kuma don a samu wannan faɗin a tsohon tsarin injin, sai da masu ƙera shi suka soke hanyar ruwan da ke tsakanin silinda da silinda, suka ƙara masa na'urar sanyaya baƙin mai. Ma'ana babu naman da za a yi wasa da shi. Don haka dattijon ya ƙi a taɓa bulok sai sababbin fistin sun iso. A auna kowanne, a ba wa mai borin, wato mai faɗaɗa ramin silinda, a hannu, ya buɗe rami daidai da fistin ɗinsa. Masu gaggawa juya abin suke yi, su yi borin tukuna sannan a shiga kasuwa neman fistin da zai shiga.

Wannan ya kai ni ga abin da ban taɓa ba shi muhimmanci a aikin motocin kamfani ba. Bakanike ba shi da injin borin, ba shi da injin wanke karanshaf. Rabin aikin da kake biya a wani shago ake yin sa, wurin mutumin da ba ka sani ba. Saboda haka in ka zaɓi bakanike, ka zaɓi tanansa ne ba tare da ka gan shi ba. Ka ce a tafi da kai. Ka ga ko yana aunawa kafin ya ɗora da bayan ya sauke, ko yana rubuta lamba a jikin kayan, ko akwai saƙar layuka masu gicciye a bangon silinda bayan ya gama, don su ne suke riƙe mai har ringi ya zauna. Bakaniken da ya yi ta kwana-kwana a kan wannan tafiya, akwai dalili.

Tof silinda ma wurin tana yake zuwa, kuma nan ake yawan kashe tsofaffin Marsandi. Na alminiyam ne, shekarun da aka yi ana ɗura wa lagireto ruwan rijiya zalla sun cinye bakin hanyoyin ruwansa. Kowa ya buɗe sai ya kankare fuskarsa kaɗan. To kamshaf a samansa yake, sarƙa ce take ja, don haka duk abin da aka rage sai sarƙar ta yi sako-sako, taimin ya goce, matsi ya ƙaru. Kamfani ya sa iyakar kaurin da ba a wucewa. Sai an auna an ga nawa magabata suka bari kafin a ce a ƙara.

Sai ƙura. Wanda ya san Kano daga Disamba zuwa Fabrairu ya san ko a ɗaki ka rufe kwano sai ka share shi. Amma har yau za ka ga an baje kwali a ƙasa, an jera metal da ringi, ana haɗa inji a fili motoci suna wucewa. Dattijon nan ɗaki yake da shi mai ƙofa, da tebur, da ledoji. Bayan bulok ya dawo daga borin, da ruwan zafi da sabulu ya sa aka wanke shi, aka yi ta goga farin ƙyalle har ya daina baƙi, domin fetur ba ya fitar da garin dutsen da ya maƙale a bango. Ramukan mai na cikin karanshaf da buroshi aka bi su ɗaya-ɗaya. Na'urar sanyaya mai ita ma sai da aka wanke cikinta, in ba haka ba tsohon garin ƙarfe ne zai dawo kan sabon metal a ranar farko.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne wurin da ya ja birki. Famfon fetur na motar nan na Bosch ne, mai bakin bututu shida, kamanninsa sak na dizal. Amma a cikinsa akwai abin da yake daidaita mai da zafin inji, da wanda yake daidaita shi da matsin iska. Ya ce shi ba zai buɗe ba, kuma kada mu bari masu injektan tirela su buɗe, don suna da teburin gwaji amma ba su da lambobin wannan. Aka wanke nozul, aka daidaita sandunan totur bisa littafin kamfani, aka bar famfon yadda yake.

Maganar kuɗi kashi-kashi muka yi ta. Kuɗin kwancewa da awo daban. Sai da takardar lambobi ta fito aka yi lissafin kaya da na aiki. Kayan mu muka yi oda da kanmu bisa lambar inji, saboda kasuwa cike take da kwali mai rubutun Jamus wanda abin cikinsa bai taɓa ganin Jamus ba, araha kuwa ba ta ado. Muka rubuta cewa duk abin da aka cire za a dawo mana da shi, kuma kowane mataki a turo hoto ta WhatsApp. Wasu kanikawa suna jin haushin rubutu, su ce ba a yarda da su ba. Ni kuwa ban ga abin haushi ba, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi, kafin alƙalami kuma bashi ne a wuyan mai aiki. Maigida ya so a gama kafin Babbar Sallah. Dattijon ya ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, in Sallah kake so akwai masu yi maka. Ni sai fistin sun zo.” Sallah ta wuce motar tana kan jak.

Kason ƙarshe na kuɗin aiki ba a biya shi ranar da inji ya tashi ba, haka muka yi yarjejeniya tun farko. Sabon inji sai an yi masa tafiyar lallami: kada a bar shi yana ta aiki a tsaye, kada a cika masa wuta, a riƙa sauya gudu. Mun yi tamu a hanyar Wudil da sassafe, don cunkoson cikin gari da zafin Afrilu mai haura digiri 40 ba wurin gwada sabon ringi ba ne. Kafin kilomita 1,000 aka juye baƙin mai, aka tsaga filta aka duba ko da ƙyallin ƙarfe, aka sake ɗaure notocin tof silinda da sifanar awo daga tsakiya zuwa gefe, aka daidaita bawul. Aka sake auna matsin silinda shida aka rubuta kusa da na ranar farko, tamostat yana nan a wurinsa, sannan akawu ya tura wa dattijon cikon kuɗinsa.