Asabar a ajin tsofaffi

Mutum bakwai suka zo yau, biyu ruwan sama ya hana su. Dukansu sun haura sittin, kuma da furfurarsu suka baro ƙasashensu, wasu 'ya'ya ne suka ɗauko su, wasu rikici ya koro su. Na shirya darasin neman sahihin bayanin lafiya a intanet, amma rabin awar farko a kan yatsu ta ƙare. Fatar yatsan Hajiya ta bushe, in ta taɓa gilashin wayar sai ya ƙi ji, ita kuma sai ta ƙara danna shi kamar mai murƙushe kuɗin cizo. Na ce, "Hajiya, ku ɗan shafa kawai." Da muka ƙara girman rubutu a wayoyin kowa, wata ta yi dariya ta ce ashe ba idonta ne ya mutu ba.

Ina shirin buɗe Google ke nan sai Baba ya ce in tsaya in ji wani abu. Saƙon murya ne a WhatsApp. Wani mutum mai sanyin murya ya ce shi likita ne, wai akwai haɗin ganye da ke raba mutum da hawan jini cikin kwana bakwai, a ajiye ƙwayoyin asibiti. Na tambayi Baba ko ya ajiye nasa. Ya ce yau kwana huɗu. Gabana ya faɗi, amma ban nuna ba.

Na nuna masa kibiyoyi biyu da ke saman saƙon. Alama ce cewa ya ratsa hannu aƙalla biyar kafin ya iso, kuma tun 2020 WhatsApp ba ya barin a tura irin wannan sai ga wuri ɗaya a lokaci guda. Baba ya dube ni ya ce, "'Yata, ai ƙanena ne ya turo mini." Na yi shiru. Mutumin da yake baƙon harshe, wanda likitansa ke magana da shi ta bakin tafinta cikin gaggawa, ya ji muryar da ta yi masa bayani da yarensa a natse, kuma ta hannun ɗan'uwansa ta zo. Da me zan ja da wannan? Daga baya na ce, "Baba, ƙaninku bai yi ƙarya ba, shi ma turo masa aka yi. Wa ya fara faɗa?" Muka sake saurare. Ba suna, ba asibiti, sai lambar waya a ƙarshe don mai son saye.

Daga nan muka yi binciken tare. Na koya musu tsallake sakamakon farko da ke ɗauke da alamar talla, muka shiga shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, who.int. Can muka karanta cewa ana kiransa hawan jini idan awo ya kai 140/90 a ranaku biyu daban, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai a jikinsu. Baba ya gyara zama, domin hujjarsa ke nan ta barin magani, wai ba ya jin komai. Hajiya kuwa batun gishiri ne ya kama ta: wai a ci ƙasa da giram 5 a rana, bai cika ƙaramin cokali ba.

Abin da ya ba ni haushi shi ne harshe. Harsunan hukumar shida ne, kuma mutum ɗaya ce a ajin ke karanta ɗaya daga ciki, Larabci. Sauran sai da manhajar fassara ta Google Translate, wadda ke kama hanya ta saki. Na gargaɗe su: a yi amfani da ita a gane zancen, amma ban da yawan maganin da za a sha.

Ni ba likita ba ce, don haka da izinin Baba na kira 'yarsa, ta ce za su biya kemis yau, su kira asibiti ranar Litinin. Kafin ya tafi ya sa na rubuta masa tambayoyi uku a takarda: wa ya faɗa, yaushe, me yake sayarwa. Ya ninke ta ya cusa a bayan rigar wayarsa. Saƙon dai ya ƙi gogewa, wai sai ya tambayi ƙanen nasa ko shi ma ya ajiye maganinsa.