Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Tawadar da na ɗura wa alƙalamin Baba

Makon jiya na tsaya a inda muka buɗe adakar Baba bayan sadakar arba'in. Masu cewa na cika jan rai su yi haƙuri, yau ga alƙalamin.

A can ƙasan adakar yake, naɗe cikin tsumman rawani, tare da wata tsohuwar tasbaha. Ina warwarewa gabana ya faɗi. Yayata ta ce, "Kai kuma lafiya?" Na ce lafiya lau. Ƙarya nake yi. Shekara talatin da ɗaya ina zaton an daɗe da jefar da shi.

Waterman ne baƙi, irin mai ɗan ƙarfe a gefe da ake ɗagawa da farce a sha tawada. Baba ya same shi tun yana planto, wato ɗan aike, a ofishin komanda, kafin ƴancin kai na 1960, wani akawu Bafaranshe ya bar masa da zai koma gida. Irin waɗannan kaya ba su yi wuya a garin nan ba, tunda Damagaram ce babban birnin ƙasar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Da Baba ya bar aikin, sai ya kafa tebur a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa: mai ɗa a Kano, mai miji a Abijan, mai bin bashi a Agadas. Da wannan alƙalamin aka ciyar da mu.

A 1978 ina da shekara goma. Da safe lakkwal, da yamma makarantar allo cikin Birni. Wata rana na ji Baba yana ce wa Inna tawadarsa ta kusa ƙarewa, kuma kwalba ta yi tsada. Ni kuwa ga kurtuna cike maƙil. Da ya tafi masallaci sai na zare alƙalamin daga aljihun rigarsa, na tsoma bakin cikin kurtu, na ɗaga ƙarfen na sake, kamar yadda nake gani yana yi. Na mayar ina ta murna, wai na yi abin kai.

Lokacin hunturu ne. Kwana biyu alƙalami ya ƙi rubutu. Na ga Baba ya girgiza shi, ya hura masa iska, ya goga a bayan hannu, shiru. Bai tambayi kowa ba, ni ma na ja bakina na tsuke. Washegari ya sayi bik. Har yau ina jin muryar wata tsohuwa da ta karɓi wasiƙarta ta jujjuya ta ce, "Malam, yau rubutun naka ba shi da kwarjini."

Sai da na girma na gane ɓarnar da na yi. Tawadar allo baƙin gawayi ce da ƙaro. An yi ta don ta zauna a kan allo ta bushe, alƙalamin kara kuwa in ya toshe a feƙe shi. Shi wannan, a ƙarƙashin bakinsa akwai wani ɗan harshe mai siririyar hanya kamar silin gashi, ta nan tawada ke sauka iska na hawa. Tawadarsa rini ne cikin ruwa, ba ta da gari. Ka zuba masa ƙaro, ka liƙe masa maƙogwaro ke nan.

Na fara kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Kasuwar Dole. Ya sa gilashinsa a ido ya daɗe yana duba bakin, sannan ya nuna mini wani ɗan hatimi: 18 Cts. Ya ce, "Ɗana, zinariya ce. In sayarwa za ka yi ka je wurin maƙera, in gyara ne kada ka bari filaya ta taɓa shi." Ban sayar ba. Daga baya na karanta cewa a Faransa ta wancan zamani, abin da bai kai karat 18 a ma'aunin tsabtar zinariya ba, ba a yarda a kira shi zinariya, shi ya sa nasu ya bambanta da na Amurka masu 14.

Gyaran ya ci mini wata biyu, yawanci a jira. Jikin alƙalamin taurarriyar roba ce da ake kira ebonit, ba ta son rana, ba ta son jiƙo, ko wanne ta samu sai ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Ga mu a garin rana. Don haka a ɗaka nake aikin, na ari na'urar busar da gashi ta matata ina ɗumama wuyansa kaɗan-kaɗan, ina murɗawa da hannu naɗe da guntun robar tayar keke. Dare na huɗu ya saki. Jakar robar da ke riƙe tawada ta ƙone ta zama kamar ƙanzo, na kankaro ta da waya. Da na fitar da harshen, ga ta nan: tawadata ta makarantar allo, baƙa ƙirin, ta daskare cikin hanyar. Na tsoma shi a ruwan sanyi, na dinga sakace hanyar da siririn ƙarfe har ruwan ya daina baƙi.

Sabuwar jakar wani ɗan ƙanena da ke karatu a Faransa ya aiko da ita ta hannun matafiyi. Abin dariya, da wani irin ƙaro ake liƙa ta, shalak, wanda wani ƙwaro ke yi a Indiya. A shafa kaɗan a wuyan, a zura jakar, a bari ta kwana, a barbaɗa mata hodar talk don kada ta manne a ciki.

Ranar da ya sha tawada, na ɗauki takarda na nufi ɗakin Inna. Na rubuta Bismillah a gabanta. Bakin ya buɗe inda na danna, ya tsuke inda na sassauta, sak rubutun teburin gidan waya. Sai na daure na ce, "Inna, ni na ɓata shi."

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafarta. Ta ce, "To da wa? Aljihun rigar duk ka shafe shi da yatsu biyar. Ni na wanke. Na ce a zane ka, shi ya hana."

Daga wannan alƙalamin ciwon ya kama ni, yanzu suna da yawa a akwatina. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na je Kano na sayo Parker 51 da kuɗin da na tara na ragon layya, na dawo Damagaram na tarar Hero ne ɗan Sin.