Bututun hayaƙi da abin da ya koya min a wajen aiki

Makona na farko a wannan aikin na ɗauka ai ba wani abu bane, rushe bulo ne kawai, duk mai ƙarfin ɗaga guduma zai iya. Tsohon gida ne irin na jere ɗin nan da suka cika Ingila, waɗanda aka gina lokacin da kowane ɗaki da murhun kwal ɗinsa, matar gidan tana so a cire mata ƙirjin bututun da ya turo cikin falo don ta samu wajen ajiye kujera. Ni har na ɗauko guduma ina gyara tsayuwa, sai ogana ya ce ajiye, biyo ni. Muka hau sama ɗakin kwana ya nuna min ginin ya ci gaba, muka leƙa cikin silin ya haska min da tocila, nan ma yana nan, sannan ya fitar da ni titi ya ce ɗaga kai. Can saman rufi ga ginin bulo a tsaye da tukwanen hayaƙi a kansa. Ya ce to duk wannan a kan abin da kake shirin fasawa yake zaune.

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Bulo ɗaya na da kusan kilo 3, kuma ɗaruruwa ne a jere tun daga ƙasa har sama, nauyin ya wuce tan cikin sauƙi. In ka cire na ƙasa ka bar na sama ba tare da ka tokare shi ba, ba lallai ya faɗo ranar ba fa, matsalar kenan, zai iya yin shekaru yana rataye da bango har kowa ya manta, sai wata rana ya sauko kan mutane. Mun sha shiga gidajen da wani ya yi wannan aika-aikar tun da can, ka buɗe silin ka tarar da guntun katako ne kawai ke riƙe da ginin. Shi yasa sai injiniya ya zo ya yi lissafi tukun, yawanci dogon ƙarfe ake sawa ya ɗauki nauyin, wani lokacin kuma wasu ƙarafa masu kusurwa da ake ɗaurewa a bango in bangon na da kauri da ƙwari, sannan jami'in duba gine-gine ya zo ya gani da idonsa kafin a rufe. In bangon na haɗaka ne da maƙwabci akwai dokar 1996 a Ingila da Wales da ta ce sai ka sanar da shi a rubuce. Da farko ina ganin takardun nan ɓata lokaci ne, har ranar da na ga bulo ɗaya tak ne tsakanin ramin hayaƙinmu da na maƙwabcin, da na buga da ƙarfi da kunkunniya ta cika musu ɗaki.

Amma abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin na gane shine maganar danshi. Mai gida zai kira ya ce ga tabo ruwan ƙasa a bangon ɗakin sama, ya yi fenti sau biyu yana dawowa, rufi ne ke yoyo. Ni ma haka nake ɗauka, sai mu hau mu duba dalmar da ake naɗewa a inda bututun ya haɗu da rufi, mu duba kwaɓin da ke riƙe tukwanen a sama ko ya tsage, wani lokacin can ɗin ne kuwa. Amma sau da yawa sai ka ga komai lafiya lau, ba inda ruwa ke shiga, tabon kuma yana nan. Ashe shekara da shekaru da aka yi ana ƙona kwal sun bar wani irin gishiri a cikin bulon, shi kuma gishirin nan jan laimar iska yake, ko ba a yi ruwa ba bangon zai jiƙe. Fenti ba ya maganinsa, ko sabon filasta ka yi kai tsaye a kai zai ratso, sai an kankare an sa abin da zai raba bulon da filastar. Gishirin ne ma yake cin kwaɓin da ke tsakanin bulo ya kumbura shi ta gefen da ya fi jiƙewa, har ka ga bututu ya karkace a saman gida kamar tsoho mai ciwon baya.

Kuskuren da na yi da hannuna kuwa na toshewa ne. Bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a 1952 aka yi dokar tsaftace iska a 1956, daga nan mutane suka yi ta barin kwal, murhu ya zama ba amfani, kowa ya toshe nasa. To ni aka ba ni wani in rufe, na rufe shi ruf sama da ƙasa ina jin na yi aikin kirki, ko iska ba ta shiga. Oga ya zo ya kalla ya ce ta ina zai yi numfashi? Na yi dariya na ɗauka wasa yake, ashe da gaske ne, ramin da ba a amfani da shi dole a bar masa ƙofar iska a ƙasa da hula mai huji a sama, in ba haka ba gumi yake yi a ciki, ya jiƙa tsohuwar kunkunniyar, wari da tabo su fito. Haka na fasa abin da na gina da yamman nan, ba wanda ya taya ni.

Haka siminti. Ni a sanina siminti ya fi komai ƙarfi, me zai sa a koma kwaɓin farar ƙasa irin na mutanen da? Sai da na ga bututun da wani ya cike wa tsagu da siminti zalla, simintin yana nan daram amma fuskar bulon duk ta ɓarɓashe, don tsohon bulo laushi gare shi, ruwan da ya sha ta cikin kwaɓin yake fita, in ka toshe hanyar sai ya tsaya a bulon, sanyi ya daskarar da shi ya fasa.

Wanda kuma za a ci gaba da kunna wa wuta, nan ba wasa ko kaɗan. Ana share shi a yi gwajin hayaƙi a ga ko yana tsiyaya ta wani ɗakin, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da kala, mutum na barci take kashe shi. Wani tsuntsu ɗan'uwan hankaka yana son yin sheƙa a ciki, mun taɓa ciro kirare buhu uku daga rami ɗaya, kuma in da ƙwai ko 'ya'ya a ciki doka ta hana taɓawa sai sun tashi, aikin ya jira.

Yanzu in za mu sauke bututu daga sama muke farawa, bulo ɗaya bayan ɗaya da hannu, ana zurowa a bokiti, takunkumi a hanci don ƙurar nan baƙa ce wuluk kuma har cikin kunne take shiga. Satin da ya wuce aka kawo mana sabon yaro, muna shiga gidan na ga ya nufi inda guduma take, na miƙa masa tocila na ce mu hau silin tukun.