Zama a ɗaki guda a Fagge

Ɗakin da nake haya a Fagge bai wuce mita 3 a tsawo da 3 a faɗi ba, shi ya sa tun farko na haƙura da gado, domin shi kaɗai zai cinye kusan rabin wurin. Katifa nake shimfiɗawa da dare, da safe in jingine ta da bango, sai filin ya koma na salla da karatu. Kafinta ya kafa mini kantoci kusa da silin don akwati da littattafai.

Zafin watan Afrilu ne babbar matsala, tun da taga ɗaya ce kuma iska ba ta ratsa ɗaki sai ta sami mafita, don haka nakan bar ƙofa a buɗe da labule mara kauri har bayan isha'i.