Ɗan agwagwar da ƙafafunsa suka wage: kada ku jira ya miƙe da kansa

Ƙannena masu sha'awar kiwon agwagi, ku ji abin da ya same ni a shekarata ta farko, don kada ya same ku.

Agwagwata ta yi kwanci na kwana 35, kamar yadda agwagin gida irin namu suke yi, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya 11. Hunturu ne, ga shirwa tana shawagi, sai na kwashe su na zuba a bahon roba, na shimfiɗa musu tsohuwar jarida. A ganina na kyauta musu. Bayan kwana biyu na ga guda biyu ba sa iya tsayuwa, ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, suna jan ƙirji a ƙasa. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta leƙa ta ce, "Ɗan nan, ai haka aka halicce su." Na yarda, na zuba ido.

Sai da mako biyu suka wuce na nuna wa wani malamin dabbobi. Tambayarsa ta farko ita ce, "A kan me suke kwana?" Santsin roba da jarida ne ya hana ƙafafun samun abin riƙewa, suka yi ta zamewa har suka zauna a haka. Ya ce da na zo a kwanakin farko, da filasta kawai ta isa. Ana yanko ta siririya, a naɗa a ƙaurin kowace ƙafa, a bar tazara tsakaninsu daidai yadda lafiyayye yake tsayuwa. Kada a matse har jini ya tsaya. A duba kullum, a sauya idan ta jiƙe, cikin 'yan kwanaki sau da yawa sai ka ga ya taka. A ƙasa kuma a shimfiɗa tsohon tawul. Amma ni na makara. Ɗaya 'yan'uwansa suka tattake shi a wajen ruwa, na tarar da shi ya mutu da asuba. Har yau abin yana min zafi, domin ba cuta ce ta kashe shi ba.

Ɗayar ta rayu, gurguwa. Ita ta koya min jinya. Na ware ta a kwali tare da ɗan'uwanta guda mai sanyin hali, saboda ɗan agwagwa idan aka bar shi shi kaɗai kuka yake ta yi, ya ƙi cin abinci. Ruwan shanta na zuba a faranti marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki, yadda za ta tsoma baki ba tare da ta faɗa ba. Shimfiɗa kuwa kullum a bushe, in ba haka ba ƙirjin da take ja zai yi gyambo. Da rana ina sa ta a ruwan ɗumi na 'yan mintuna, ina tsaye a kanta, sannan in goge ta sarai. A cikin ruwa ne kaɗai nake ganin tana motsa ƙafafun nan da walwala.

Kuskurena na biyu abinci ne. Na ɗauka abincin 'yan tsaki na buhu ya wadatar, alhali agwagwa ta fi kaza buƙatar bitamin B3. Rashinsa ne ke sa ƙafa ta yi baka, gwiwa ta kumbura. Ku nemi bitamin na ruwan sha mai ɗauke da shi a shagon maganin dabbobi tun makon farko. Gyaɗa ma tana da shi, amma ku kiyayi ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi funfuna, gubarta tana saurin kashe 'yan agwagi.

Idan fukafukai suka fara fitowa kuka ga ƙarshen ɗaya ya karkace waje, yawanci saurin girma ne daga abinci mai ƙarfi. Ku rage shi, ku ƙara ganye, ku naɗe fiffiken da bandeji a jikinsa na 'yan kwanaki tun ƙashin bai yi tauri ba.

Gurguwar nan ta girma, har ta yi ƙwai. Ban taɓa barin toro ya hau ta ba, saboda ƙafafun ba za su ɗauki nauyinsa ba, kuma kwanon abincinta kullum a bakin inda take kwanciya nake ajiye shi.