Godiya ga waɗanda suka raya zaman masu jinyar cutar MND

Mu da muka shirya zaman koyar da masu jinyar cutar jijiyoyin motsi, wadda likitoci ke kira MND, muna miƙa godiya ga duk wanda ya zo. Allah ya saka da alheri.

Likitan jijiyoyi ta fara da abin da ke rikita iyali. Jijiyoyin da ke ba tsoka umarni ne ke mutuwa, amma gani da ji da jin taɓi galibi suna nan, haka ma riƙe fitsari. Mutum na jin ƙaiƙayi, hannun da zai sosa ne ya ƙi ɗaguwa. Wasu kan sami sauyin hali ko tunani, amma da yawa hankalinsu garau, don haka mara lafiyar za a tambaya, ba na kusa da shi ba. Ta kuma faɗi gaskiya kan riluzole, maganin da ake ba masu cutar: miligiram 50 sau biyu a rana, da gwajin hanta lokaci-lokaci, kuma 'yan watanni yake ƙarawa, ba ya warkarwa.

Masu gashin ƙashi, mun gode da kuka sa kowa ya gwada da hannunsa. Tuntuɓe a ƙasa mai laushi alama ce tafin ƙafa ya fara faɗuwa, kuma takalmin roba mai tallafe idon sawu na rage shi. Kada a ɗaga mara lafiya ta hannu, domin tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, sai ta goce. A tallafo shi ta ƙugu. Wanda ba ya iya juyawa, a juya shi duk awa 2, a duba diddige da ƙashin baya.

Inda aka fi daɗewa shi ne haɗiya, kuma ya cancanta. Ruwa zalla ya fi abinci mai kauri sa ƙwarewa, saboda yana riga maƙoshi rufewa. A zaunar da mara lafiya a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30. Dalalar miyau ba don miyan ya ƙaru ba ne, haɗiyarsa ce ta ragu. Bututun ciyarwa ta ciki kuwa, a yi shawararsa kafin ƙarfin huhu ya sauka ƙasa da kashi 50, don bayan nan sa shi ya fi haɗari. A ganinmu jinkirin nan shi ne kuskuren da ya fi tsada.

Ma'aikacin numfashi ya ja kunne: ciwon kai da asuba, gyangyaɗin rana, kasa kwanciya rigingine, duk alamun tsokar numfashi ta raunana ne. Na'urar da ke tura iska ta takunkumi ake nema. Oksijin kaɗai, ba da umarnin likita ba, na iya tara gurɓatacciyar iska a jini.

Godiya ta musamman ga masu cutar da suka zo da kansu. Su ne suka nuna yadda ake magana da allon haruffa: mai jinya na bin layi da yatsa, ƙifta ido ɗaya "e", biyu "a'a". Suka roƙi abu biyu, a naɗi muryar mutum tun tana fita, kuma kada a ƙarasa masa zance.